Ciniki Marar Shinge: Ina Makomar Ma'aikaci da Ruwan da Muke Sha?

Mece ce yarjejeniyar ciniki marar shinge?

Alkawari ne tsakanin ƙasashe cewa kayan da ɗaya ta sarrafa za su shiga kasuwar 'yar'uwarta ba tare da harajin kwastan ba. Wadda ta fi shafar mu ita ce ta nahiyar Afirka, AfCFTA, da aka sa wa hannu a Kigali a watan Maris na 2018. An amince a soke haraji sannu a hankali a kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, kashi 7 a ƙara musu lokaci, kashi 3 kuma kowace ƙasa ta keɓe abinta. Nijar tana sahun gaba, don Mahamadou Issoufou ne ya jagoranci tafiyar. Najeriya kuwa ta noƙe. Buhari ya fasa zuwa Kigali bayan ƙungiyar ƙwadago ta NLC da masu masana'antu sun koka cewa ba a tuntuɓe su ba, sai a Yulin 2019 ya sa hannu a Yamai.

Me 'yan ƙwadago suke tsoro?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana ya san abin da ake nufi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin kuɗin sallama. Masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Kafin nan, a 1997, an ɗage haramcin shigo da yadi, atamfar waje mai arha ta malalo. Gaskiya ne ba ita kaɗai ta kashe masaƙun ba: akwai rashin wuta, tsadar baƙin mai, da injinan da suka tsufa. Amma a nan laifin yake. An buɗe ƙofa ba a shirya 'yan gida ba, kuma ba a tanadi komai ga wanda zai rasa aikinsa ba.

To me zai hana a rufe iyaka a huta?

An gwada. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 iyakokin Najeriya na tudu a rufe suke. Shinkafa ta yi tsada, 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya da Maigatari suka sha wuya, 'yan fasa-ƙwauri suka koma hanyoyin daji. Haka da aka maido da haramcin yadi a baya, Kantin Kwari bai daina cika da atamfar Sin ba. Leburan da ke dako a bakin iyaka shi ma ma'aikaci ne, kuma shi ya fara kwana da yunwa.

Inda masana'antar ba ta mutu ba fa, ta yaya ciniki ke cutar da ma'aikaci?

Ta hanyar gasar arha. Mai saye a Turai yana neman riga a farashi mafi ƙanƙanta, mai kamfani sai ya rage daga albashi da gyaran gini. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu masu ɗinka tufafin da ake kai wa manyan shagunan Turai da Amurka. An ga tsaga a bango tun jajibirin ranar, aka ce su koma bakin aiki.

Gwamnatoci ma suna shiga wannan gasa don jawo masu zuba jari. Dokar Najeriya ta 1992 kan yankunan sarrafa kayan fitarwa ta hana yajin aiki har tsawon shekara goma daga lokacin da yanki ya fara aiki. Ni ban ga yadda za a kira wannan jawo jari ba, in farashinsa shi ne toshe bakin ma'aikaci.

Ba a rubuta kariya a cikin yarjejeniyoyin ne?

Ana rubutawa, amma rubutu iri biyu ne. A taron Singafo na 1996, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce batun ƙwadago na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne. Ita kuma ta ƙwadagon tana da ƙa'idoji masu kyau: 'yancin kafa ƙungiya, hana aikin tilas da bautar da yara, hana wariya, sannan a 2022 ta ƙara lafiyar wurin aiki. Sai dai ba ta da ikon tare kayan kowa a tashar ruwa.

Arewacin Amurka ya nuna bambancin. Yarjejeniyar NAFTA ta 1994 tsakanin Amurka, Kanada da Meziko ta ajiye batun ma'aikata a wata takarda ta gefe, ba wanda ya ji tsoronta. Wadda ta gaje ta a Yulin 2020 ta zo da sabon tsari: in aka danne 'yancin ƙungiya a wata masana'anta guda, ana iya janye wa kayan wannan masana'antar rangwamen haraji. Hukuncin yana sauka a kan mai kamfanin kansa, ba ƙasar gaba ɗaya ba. A 2021 aka fara gwada shi a kamfanin motocin General Motors da ke Silao a Meziko, inda aka zargi tsohuwar ƙungiya da maguɗin ƙuri'a. Aka sake zaɓe, ma'aikata suka yi watsi da kwangilar aikin da tsohuwar ƙungiyar ta ƙulla da kamfanin, a farkon 2022 suka zaɓi ƙungiya mai zaman kanta. Abin da ya sa na daɗe a kan wannan misali shi ne ma'aikatan ne suka yanke hukunci da ƙuri'arsu, yarjejeniyar ta ba su fili ne kawai.

Ina muhalli ya shigo?

Fatar Kano tana tafiya Italiya da Sifaniya, amma gurɓataccen ruwan jima mai sinadarin kiromiyam daga Sharaɗa da Calawa da Bompai yana zama da mu, a kogunan da manoman rani ke ban ruwa da su. Farashin takalmin da aka sayar a Turai bai ƙunshi wannan asarar ba. Haka aka yi wa madobiya: buƙatar katakonta a Sin ta sa aka sassare dazukan Taraba, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Jakuna ma haka. Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024, bayan jakin da manomi ke ɗaukar taki da shi ya fi ƙarfin aljihunsa.

Wasu na cewa sharuɗɗan nan dabara ce ta manyan ƙasashe don toshe kayanmu. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. A tsarin AGOA, na rangwamen harajin da Amurka ta yi wa kayan ƙasashen Afirka, ita kaɗai ke yanke wa za a bari, wa za a cire. A 2015 ta cire Swaziland saboda tauye haƙƙin ma'aikata, wannan da hujja. Amma a 2018 ta dakatar da rangwamen tufafin Ruwanda don kawai ƙasar ta ƙara haraji a kan gwanjo domin raya masaƙunta. Don haka shakkar tana da tushe. Sai dai shugaban da ya fake da ita ya hana ma'aikatansa kafa ƙungiya, ba ƙasa yake karewa ba.

AfCFTA fa, wane irin rubutu ne a cikinta?

Ba ta da babi na musamman kan ƙwadago mai hukunci irin na Silao. Ƙarin yarjejeniyar zuba jari da aka amince da ita a 2023 ta ce kada ƙasa ta sassauta dokokin ƙwadago da muhalli don jawo jari, amma ma'aikaci a Kano ko Damagaram ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa da kansa. Saura ya rage ga dokokin gida, da hukuma irin NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, da ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a ba su kujera inda ake tattaunawa. Abin da ya fi gaggawa kuwa shi ne ƙa'idar asalin kaya: rangwamen na abin da aka sarrafa a Afirka ne. In jami'an kwastan suka bari aka sauke atamfar Asiya a Kwatano, aka manna mata tambarin Afirka ta wuce Jibiya kyauta, masaƙan da suka rage a Kano su za su biya.