Mai da bidiyo rubutu: me doka ta yarda, me ta hana?

Bidiyo na cinye mega, shi ya sa wasu a Damagaram ke sauraren wa'azi ko bayanin likita a YouTube su rubuce shi don masu karatu. Aikin na da amfani, amma maganar tana da mai ita.

A Nijar, doka mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010 ce ke kare haƙƙin mawallafi, BNDA kuma, wato ofishin haƙƙin mawallafi na ƙasa da ke Yamai, shi ke kula da haƙƙoƙin. Kariyar na farawa tun ranar da mawallafi ya yi aikinsa, ba sai an yi rajista ba. Kuma ba littafi kaɗai ta shafa ba: yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mawallafi, wadda Nijar ke cikinta, ta ambaci lacca da huɗuba ƙarara.

Saboda haka rubuta bidiyo kalma da kalma kwafi ne, sai da izini. Fassara shi daga Faransanci zuwa Hausa ma haka. Rubuta sunan malamin a ƙasa ba izini ba ne, nan mutane suka fi zamewa.

Abin da ba a kulle ba shi ne ra'ayi da labarin abin da ya faru. Likita ya ce gidan sauro na rage zazzaɓin cizon sauro, kana iya bayyana hakan da kalmominka da tsarinka. Kana kuma iya ɗauko ɗan gajeren yanki don hujja, ka faɗi mai maganar da inda ka samo ta.

Wajen neman izini, a lura: wanda ya ɗora bidiyon sau da yawa ba shi ne mai shi ba, tsinta ya yi a WhatsApp. Nemi mai maganar ko gidan rediyon da ya shirya. A yi a rubuce, a ambaci bidiyon, harshen, inda za a wallafa, da ko akwai kuɗi. In bayanin ƙasan bidiyon YouTube ya nuna lasisin Creative Commons, wato lasisin da ke ba kowa damar amfani da aiki, kuma mai shi ne da kansa ya ɗora, izinin ya riga ya samu, sharaɗin shi ne ambaton mai shi.

Ko da izini, ba ka da damar gurɓata maganar mutum. Manhajojin da ke rubuta sauti suna tuntuɓe da Hausa. "Ba" ɗaya ta faɗi, "bai halatta ba" ta koma "ya halatta", da sunan malamin a kai. Sai a sake saurare ana bin rubutun layi-layi kafin a saki.