Darajar Babban Fiyano Na Hannu a Kasuwa

Babban fiyano shi ne nau'in da tsirkiyoyinsa ke shimfiɗe a kwance cikin akwati mai siffar fiffike bisa ƙafafu uku, saɓanin fiyano na tsaye da ake jinginawa da bango. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro wannan kayan kiɗa a birnin Fulorens na Italiya wajen shekarar 1700, ake kallonsa a matsayin kadarar gida, amma kasuwar na hannu ba ta ɗauke shi kamar gwal ko fili ba. Fiyano na'ura ce da ke cikin ɗaurin ƙarfi dare da rana, domin tsirkiyoyinsa kusan 230 suna jan ƙarfen da ke riƙe da su da nauyin da ya kai tan 18 zuwa 20, ko ana kaɗa shi ko ba a kaɗawa. Saboda haka tsufa kan rage masa daraja, kuma faɗuwar farashi mafi girma tana zuwa ne da zarar ya bar shagon dillali.

Sunan maƙeri ne abu na farko da masu saye ke dubawa. Steinway & Sons, wanda aka kafa a New York a 1853 kuma ya buɗe masana'anta a Hamburg a 1880, shi ne ya fi riƙe daraja, sai irin su Bechstein na Balin da Blüthner na Leipzig, waɗanda su ma a 1853 aka kafa su, da Bösendorfer na Biyana wanda ya fara aiki a 1828. Dalilin a fili yake: sabon fiyanon waɗannan kamfanoni yana da tsada ƙwarai, don haka masu gyara kan sayi tsoho ko da ya lalace, su sake masa tsirkiyoyi da gudumomin da ke bugun su da allon amo, wato katakon da ke ƙara ƙarfin sauti, su sayar da riba. Fiyanon da ba shi da suna kuwa, kuɗin gyaransa kan zarce abin da za a samu idan an sayar. Yamaha da Kawai na Japan suna tsakiya, suna da saurin shiga kasuwa saboda an san su da ƙarko.

Lafiyar cikin fiyano ta fi ƙyallin fentinsa muhimmanci, kuma a nan ne mai saye marar sani ya fi yin asara. Ƙwararren mai saita sauti yakan ɗora makullinsa a kan kusoshin da aka naɗa tsirkiya a jikinsu, ya murɗa a hankali. Idan kusa ta juya babu tirjiya, katakon da ke riƙe da ita ya saki, fiyanon ba zai riƙe sauti ba, kuma maye gurbin katakon yana bukatar a cire tsirkiyoyi duka tare da ɗaga ƙarfen. Yakan kuma leƙa ta ƙasa da tocila don neman tsagewa a allon amo, ya duba gudumomin ulu ko tsirkiya ta ci su har ta bar musu zurfafan zane. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ce ke nuna shekarar ƙira. Yanayin wurin da aka ajiye shi ma yana shiga lissafi, domin katako na kumbura da laima yana kuma motsewa da bushewa. Irin bushewar hunturu da ke biyo bayan damina a ƙasar Hausa tana cikin abubuwan da suka fi cutar da shi.

Girma yana da nasa tasirin. Samfurin D na Steinway, mai tsawon santimita 274 da nauyin kusan kilo 480, na zauren wasa ne kuma masu nemansa kaɗan ne, yayin da matsakaita suka fi samun mai saye a gidaje. Kuɗin dako da na sake saita sauti bayan an kai shi duk daga farashin ake zabge su, kamar yadda dillali ke cire la'adarsa.

Tsofaffin fiyano masu maɓallan hauren giwa suna fuskantar wata matsala ta doka. Tun bayan da yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirran daji daga ƙarewa, ta haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, fitar da su ƙetare yana bukatar takardu. A Birtaniya, dokar hauren giwa ta 2018 ta yarda a sayar da kayan kiɗan da aka ƙera kafin 1975 idan hauren bai kai kashi 20 cikin ɗari na jikinsa ba, amma sai an yi masa rajista tukuna.