Zuba yisti a haɗin giya na gida: tambayoyi da amsoshi

Bayan an jiƙa tsirarren sha'ir, an tace, an tafasa ruwan da furen hops, wato tsiron da ke ba giya ɗaci, abin da ke cikin tukunya ruwan zaƙi ne kawai, babu ko ɗigon barasa a cikinsa. Sai an zuba yisti aikin gaske ke farawa, kuma a nan ne haɗin masu koyo ya fi lalacewa, galibi saboda gaggawa.

Wane aiki yisti ke yi a cikin ruwan?

Yisti halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, dangin funfuna. Yana cinye sukarin da ke cikin ruwan, ya fitar da barasa da iskar kabon dayoksaid, kusan rabi da rabi a nauyi. Mutane sun daɗe suna amfana da shi ba su san shi ba. Dokar tsabtar giya ta Bavariya, a ƙasar Jamus ta yau, ta 1516 ta ambaci ruwa da sha'ir da hops, ba ta ambaci yisti ba. Sai daga 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki, sannan a 1883 Emil Christian Hansen ya ware iri guda tsantsa a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Kofanhagan, babban birnin Denmark. Irin da aka fi sani a yau biyu ne: Saccharomyces cerevisiae, na giyar ale da ake haɗawa da ɗan ɗumi, da Saccharomyces pastorianus, na giyar laga da ake haɗawa a sanyi.

Ruwan zai huce zuwa ina kafin a zuba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ganina. Ruwan da ya haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas yana galabaitar da yisti, idan kuwa ya kai wajen 60 to ya kashe shi ke nan. Amma ko da bai mutu ba, zafi na ɓata ɗanɗano. Yistin ale ya fi son digiri 18 zuwa 22, na laga kuma 8 zuwa 13. In aka zuba shi a digiri 30, zai kama aiki da ƙarfi, kumfa ya taso har bakin murfi, mai haɗin ya yi ta murna. Daga baya sai a ji giyar na ƙamshin ayaba da ta nuna fiye da kima, tana kuma ƙona maƙogwaro, domin a cikin zafi yisti na fitar da wasu sinadarai masu ƙamshi da nau'o'in barasa masu kaifi da ba a so. Yawancinsu a kwanaki biyu ko uku na farko suke samuwa, kuma in sun samu, ajiya ba ta cika kawar da su ba.

Abin da ake mantawa shi ne, aikin yisti kansa na haifar da zafi. Zafin cikin bokitin da aka juye ruwan kan ɗara na ɗakin da yake ciki da 'yan digiri. Don haka gara a zuba ruwan na ɗan ƙasa da zafin da ake so, a bar shi ya hau da kansa. A yi amfani da ma'aunin zafi, taɓa gefen tukunya da hannu ba ya wadatarwa.

To me zai hana a bar ruwan ya kwana ya huce?

Ruwa mai zaƙi da ɗumi abinci ne ga kowace ƙwayar cuta da ke yawo a iska. Duk awar da ya yi babu yisti, dama ce gare su su riga shi kama wuri, sai giya ta fito da tsami. A tsoma tukunyar cikin ruwan ƙanƙara ta huce da wuri. Daga lokacin da aka sauke ta daga wuta, duk abin da zai taɓa ruwan, cokali ne, bokiti ne, har almakashin da za a yanke bakin fakitin yisti, sai an tsabtace shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Nawa za a zuba?

Fakitin busasshen yisti na giram 11 ko 11.5 kan ishi lita 20 zuwa 23 na ale mai matsakaicin ƙarfi. Laga na bukatar kusan ninki biyu, saboda sanyi na rage wa yisti kuzari, haka ma haɗin da sukarinsa ya yi yawa. Idan yisti ya yi kaɗan sai ya wahala wajen hayayyafa, ya makara farawa, wani lokaci ya tsaya a tsakiyar aiki ya bar giya da zaƙi. Ɗan ƙari kuwa da wuya ya yi illa. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma riƙa ajiye fakitin a firji.

Sai an jiƙa busasshen yisti tukuna?

An daɗe ana ba da shawarar a barbaɗa shi a kan tafasasshen ruwan da ya huce zuwa wajen digiri 30, kimanin ninki goma na nauyinsa, a bari ya yi minti 15 zuwa 30 har ya yi kauri kamar madara. Yanzu wasu kamfanonin na cewa a barbaɗa shi kai tsaye. Ga haɗi na yau da kullum duka biyun na aiki. A bi abin da ke rubuce jikin fakitin.

Ana cewa a girgiza ruwan, ana kuma cewa iska na ɓata giya. Wanne za a ɗauka?

Duka gaskiya ne, lokaci ne ya bambanta. Tafasa na korar iskar oksijin daga ruwa, yisti kuma na bukatarta da farko don gina fatar sababbin ƙwayoyinsa. Saboda haka in ruwan ya huce, a rufe bokiti a girgiza shi sosai na 'yan mintuna, musamman in yisti mai ruwa-ruwa za a zuba, ba busasshe ba. Da zarar barasa ta fara samuwa, sai a daina. Iskar da ta shiga bayan nan ita ke sa giya warin jiƙaƙƙen kwali.

Na zuba, an kwana, shiru. Ya mutu ne?

Da wuya. Yisti kan ɗauki awa 12 zuwa 24 yana hayayyafa kafin a ga alama, a cikin sanyi har ya kai 48. Rashin ganin kumfa a 'yar na'urar fitar da iska da ke kan murfi ba hujja ba ce, sau da yawa murfin ne bai rufu da kyau ba. A leƙa ta jikin bokiti ko akwai kumfa mai kauri a saman ruwan. In an yi kwana uku babu komai, sai a zuba sabon fakiti.

Yaushe za a san ya gama?

Ma'aunin kaurin ruwa, wato haidiromita, shi ke faɗa. Haɗin da ya fara a 1.050 ya sauka 1.010 ya ba da barasa kimanin kashi 5 cikin 100. In awon ya tsaya wuri ɗaya kwana biyu ko uku a jere, aiki ya ƙare. Ko a nan ma a ƙara masa 'yan kwanaki, domin yisti na komawa ya shanye wani sinadari mai ɗanɗanon man shanu da ya fitar tun farko. Kada a ɗura a kwalba kafin awon ya tsaya: ragowar sukari zai ci gaba da zama iska a cikin rufaffiyar kwalba, tana iya fashewa ta ji wa mutum ciwo.