Juriya: ƙwaron wake ba ya "sabawa" da magani

Kwanan nan duk shirin manoma da ka kunna a rediyo sai ka ji an ce ƙwaron wake "ya samu juriya", wani ma ya ƙara da cewa "ya saba da magani". Wannan "sabawar" ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Juriya a bakinmu ta mai rai guda ce: ya sha wuya, ya daure, gobe ya ƙara ƙarfi. Ƙwaro kuwa in iskar fosfin, wato iskar gubar da ake turara wake da ita a ma'ajiya, ta kama shi sosai mutuwa yake yi, ba ya koyon komai. Abin da masana ke nufi gado ne.

Ɗauki buhu ɗaya. Macen ta manna ƙwai a bayan wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige, tana ci daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Aka jefa ƙwayar Phostoxin mai giram 3, wadda ke sakin giram 1 na fosfin in ta sha danshi. Iskar nan tana so a tsare ta kwana 5 zuwa 7 aƙalla, domin ƙwai da waɗanda ke kwance cikin waken numfashinsu kaɗan ne, a hankali take kai musu. To, sai ledar da aka rufe waken a ciki ta huje, ko a buɗe bayan kwana 2 saboda gaggawa. Raunana suka mutu. 'Yan tsirarun da aka haifa da jikin da fosfin ba ya saurin kayarwa suka tsira, suka hayayyafa, cikin mako 3 zuwa 4 ga sabuwar zuri'a. A yi ta maimaita wannan sakacin, sai ma'ajiya ta koma ta jikokinsu zalla. Da hannunmu muka tace su.

Kuma ba yau aka fara ba. Binciken FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1972 zuwa 1973 ya tarar kusan kashi 10 cikin 100 na rukunonin ƙwarin ma'ajiyar hatsi da aka gwada suna ɗauke da wannan gadon. Da aka daina turara da metil buromaid, wata iskar kashe ƙwari, har a ƙasashe masu tasowa daga 2015, nauyin ya koma kan fosfin kusan shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai hujajjiyar leda da ya ji kalmar a rediyo. Ya ga ƙwari na yawo, ya ce juriya ce, ya ninka ƙwayar. Iskar ta sake bi ta hujin nan, wannan karon zuwa ɗakin da yara ke barci.