Wayewar Tsibiran Kikiladis

Wayewar Kikiladis suna ne da masana tonon kayan tarihi suka laƙaba wa rayuwar mutanen da suka zauna a tsibiran tsakiyar Tekun Ejiyan, tsakanin ƙasar Girka da gaɓar Turkiyya ta yau, a Zamanin Tagulla. Ganiyarta ta farko ta faɗo ne tsakanin wajen shekara ta 3200 zuwa 2000 kafin miladiyya. Tsibiran sun haura 200, amma ƙalilan ne ake zaune a kansu, kuma fitattunsu su ne Naksos, Faros, Milos, Siros, Amorgos da Tira, wanda aka fi sani da Santorini. Sunan ya samo asali daga kalmar Girkanci "kiklos", wato da'ira, domin Girkawan dā suna ganin tsibiran sun yi wa tsibirin Delos ƙawanya. Mutanen wancan zamani na farko ba su bar rubutu ba. Babu sunan sarki, babu sunan abin bauta, ba a ma san yaren da suke yi ba. Duk abin da ake faɗa a kansu daga ƙasa aka tono shi, shi ya sa yadda aka yi tonon yake da nauyi daidai da abin da aka tono.

Ƙasar da arzikinta

Tsibiran busassu ne, ga duwatsu, ga iska mai ƙarfi da bazara. Noman bai wuce sha'ir da alkama da ɗan inabi da zaitun ba, sai kiwon awaki da tumaki da kamun kifi. Arzikin gaske a cikin dutse yake. Milos na da obsidiyan, baƙin dutse mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba wanda aman wuta ke haifarwa, idan aka fasa shi bakinsa ya fi aska kaifi. An sami ɓarɓashinsa a kogon Faranti da ke kudancin Girka a shimfiɗar ƙasa mai shekaru kusan 13,000, abin da ke nuna tun kafin a fara noma a yankin wasu suna ƙetare teku su ɗebo shi. Naksos da Faros na da farin dutsen marmara, wanda magina ke kira mabul. Sifnos na da dalma da azurfa, Kitnos kuma jan ƙarfe.

Ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan da aka tono shi ne Saliyagos, wani ɗan tsibiri kusa da Antifaros, inda John Evans da Colin Renfrew suka yi aiki a 1964 da 1965. Mutanensa sun rayu wajen shekaru 7,000 da suka wuce, kuma ƙasusuwan kifin tuna da aka tarar sun nuna gwanayen kamun kifi ne.

Tun kafin aikin Evans da Renfrew, Bagirke Christos Tsountas ya tono ɗaruruwan kaburbura a 1898 da 1899, musamman a maƙabartar Kalandiriyani a Siros, kuma shi ya fara kiran abin da ya gani "wayewar Kikiladis". A kaburburan Siros ake yawan samun wasu faifan yumɓu masu mariƙi, waɗanda masana suka raɗa wa suna "kaskon suya" saboda siffarsu, ko da yake babu alamar an taɓa ɗora su a wuta. A bayansu an zana dogayen kwalekwale masu filafilai da yawa, da siffar kifi a ƙarshen da ya ɗaga sama. Babu ƙyallen kama iska ko ɗaya a zanen. Da ƙarfin damtse aka yi fataucin wannan zamani.

Mutum-mutumin marmara

Abin da ya fitar da sunan Kikiladis a duniya shi ne mutum-mutumin da suke sassaƙawa da marmara. Galibinsu siffar mace ce tsirara, ta harɗe hannuwa a kan ciki, na hagu bisa na dama, kai ya ɗan karkata baya, fuskar sumul ba komai sai dogon hanci. Tafin ƙafafun ya miƙe ƙasa ta yadda ba za su iya tsayuwa da kansu ba, wannan ya sa wasu ke ganin a kwance ake ajiye su ko a hannu ake riƙe su. Yawancinsu ba su wuce kamu ɗaya ba, amma akwai na Amorgos mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Atina. A can kuma akwai biyu daga tsibirin Keros da suka sha bamban: namiji zaune a kujera yana kaɗa abin kiɗa mai tsirkiya, da wani a tsaye yana busa tagwayen sarewa.

Ba da kurfi aka yi yawancin aikin ba, da guga aka yi shi. Naksos na da emeri, dutse mai tsananin kaushi, da shi ake cin marmarar sannu a hankali har siffar ta fito. Farin da ake sha'awa a yau kuwa ba haka masu su suka san su ba. An gano ragowar jan launi da shuɗi a jikinsu: an zana musu idanu, gashi, da ɗige-ɗige ko layuka a kumatu kamar tsagar fuska. A wasu, fentin ya kare dutsen daga zaizaya, sai inuwar ido ta rage a ɗan tudu bayan launin ya tafi.

An saba kiran su gumaka, amma wannan ɗora musu ma'ana ne da ba a tabbatar ba. Akwai masu cewa alloli mata ne, akwai masu cewa siffar mamaciya ce ko ta masu makoki. Dalilin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa abin takaici ne. A ƙarni na 19 masana Turai suna yi musu kallon munanan kayan jahiliyya. Da ƙarni na 20 ya shigo, masu sassaƙa na zamani irin su Brancusi da Henry Moore suka yaba sauƙin siffarsu, attajirai suka shiga saye, farashi ya tashi. Daga nan ɓarayin kaburbura suka afka wa tsibiran, musamman a shekarun 1950 da 1960, masu ƙera jabu su ma suka buɗe kasuwa. David Gill da Christopher Chippindale sun ƙiyasta a 1993 cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka sani ba a san takamaiman inda aka ciro su ba. Mutum-mutumin da aka raba da kabarinsa ba ya iya faɗin ko namiji aka binne da shi ko mace, ko me aka ajiye a gefensa.

Keros da Daskaliyo

Keros ba kowa a kansa yau. A gefensa na yamma, wurin da ake kira Kabos, ɓarayi suka kwashe ɗimbin gutsattsarin mutum-mutumi suka watsa a kasuwannin Turai da Amurka. Christos Doumas da Renfrew sun isa wurin a 1963 suka tarar da ramuka ko'ina da farfasassun kaya, aka ɗauka ɓarnar ɓarayi ce. Sai tsakanin 2006 da 2008 tawagar Jami'ar Kambirij ta gano wani tarin na biyu da hannu bai taɓa ba: gutsattsarin mutum-mutumi sama da 500 da na kwanukan marmara sama da 2,000. Dukkansu tun a zamanin dā aka fasa su, da gangan. Abin mamakin shi ne da ƙyar ake samun guda biyu da suke haɗuwa. Ma'ana, a wasu tsibiran aka fasa su, kowa ya ɗauko yanki guda ya tuƙo kwalekwale ya kawo nan ya ajiye, aka yi ta haka shekaru ɗaruruwa daga wajen 2750 kafin miladiyya. A ra'ayin Renfrew, wannan shi ne wurin ziyarar ibada na teku mafi tsufa da aka sani.

Daura da wurin akwai ɗan tsibirin Daskaliyo, mai siffar dala, wanda a dā yake haɗe da Keros. An yi masa dakali-dakali, aka gina gidaje da dubban tan na dutsen da aka ɗauko daga Naksos, tafiyar kilomita 10 a kan ruwa. Akwai magudanan ruwa ƙarƙashin matakala, akwai maƙera, alhali Keros ba shi da ma'adinin ƙarfe, kuma ƙasarsa ba za ta ciyar da taron mutane ba. Har abinci shigo da shi ake yi.

Akurotiri

Bayan shekara ta 2000 kafin miladiyya jirage masu ƙyallen iska suka bayyana, manyan garuruwa suka taso, kuma salon fadojin tsibirin Kirit ya shiga komai, daga tukwane har rubutun da ake kira Liniya A, wanda har yau ba a warware shi ba. Garin da ya fi nuna wannan mataki shi ne Akurotiri a Tira, wanda aman wuta ya binne. Masu haƙar tokar dutse don aikin mashigin Suwez ne suka fara cin karo da tsofaffin bangaye a yankin a shekarun 1860, amma cikakken tono Spyridon Marinatos ya fara shi a 1967. Ya rasu a wurin a 1974, Doumas ya ci gaba.

Tokar ta adana benaye masu hawa biyu da uku, da masai a sama wanda aka haɗa da bututun yumɓu zuwa magudanar titi. A bango akwai zanen ayarin jiragen ruwa, samari riƙe da kifi, yara biyu suna dambe, mata suna tsinkar za'afaran, tsattsewa suna shawagi bisa furanni, da shuɗɗan birai. An kuma sami ƙwan jimina da aka mayar butar zuba ruwan ibada, shaidar cewa kayan nesa suna isowa ta hanyar Masar da gabas. Inda katako ya ruɓe ya bar rami a cikin toka, an zuba filasta aka fito da siffar gadaje da tebura.

Ba a sami gawa ko ɗaya a cikin garin ba, kuma kayan zinariya kusan babu, in ban da 'yar siffar akuyar daji ta zinariya da aka gano a 1999. Girgizar ƙasa ta riga ta gargaɗi mutanen garin. Wasu sun dawo sun fara kwashe ɓaraguzai, sun fito da gadaje waje sun jera, sannan suka sake gudu.

Shekarar aman wutar ita ce babbar gardamar fannin. Kwatanta tukwane da tarihin sarakunan Masar yana kai ta wajen 1500 kafin miladiyya, gwajin sinadarin kabon da aka yi wa wani reshen zaitun da toka ta binne, wanda aka wallafa a 2006, ya ba da 1627 zuwa 1600, binciken baya-bayan nan kuma yana karkata ga ƙarni na 16. Ra'ayin Marinatos na 1939 cewa wannan bala'i ne ya rushe wayewar Kirit ya yi rauni, domin fadojin can sun ci gaba da aiki har wajen 1450 kafin miladiyya.