Kafin ka karɓi makullin plato: abin da doka ta tanadar wa direba

Ranar wata Lahadi ɗan yayata ya shigo gida da fara'a, ya tsugunna ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, Alhaji ya ce zai ba ni mota." Shekararsa huɗu yana karen mota a kan plato, wato tirelar nan mai shimfiɗaɗɗen baya marar bango da ke kwasar siminti daga Malbaza, ko rodin gini, ko kwantena. Na ce masa madalla, nawa ne albashin? Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ba a kai ga wannan ba tukuna, amma akwai kuɗin hanya." Na san ba shi kaɗai ke da wannan amsa a tashar Tawa ba, shi ya sa na zauna rubutun nan.

Batun permi, wato takardar izinin tuƙi, ba ya da tsawo. Permi B na ƙananan motoci ne, waɗanda nauyinsu har da kaya bai wuce tan 3 da rabi ba. Motar kaya da ta haura haka sai permi C. To amma plato kai ne da jela, kan mota daban, abin da yake ja daban, kuma duk abin jan da ya wuce kilo 750 sai an ƙara E a kan C ɗin. Ko ka shekara goma a gefen direba, jandarma takarda zai duba, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa kamfanin inshora ma ita zai fara tambaya.

A oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ake koyon alamomin hanya a shirya jarrabawa. Ɗaurin kaya kuwa a bayan mota ake koyonsa: yadda za a raba buhunan siminti nauyi ya zauna daidai a kan ƙafafun motar, yadda ake ɗaure rodi da sarƙa don kada ya zarce ya huda kan mota in an taka birki, da tsayawar nan da gogaggen direba ke yi bayan ƴar tafiya kaɗan ya sake tamke bel, saboda kaya kan zauna igiya ta yi sako-sako. Doka ta san da wannan koyo, ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Ni dai ban taɓa ganin karen motar da ke riƙe da irin wannan takarda ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta ɗauki duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi a matsayin ma'aikaci. Ko da baki kuka ƙulla da mai mota, kwantiragi ne. Matsalar baki ita ce ranar rigima sai ka nemo hujja. In an ce maka "bari mu gwada ka wata kaza," wannan gwajin dole a rubuta shi, haka ma kwantiragi mai wa'adi.

Tun daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, a da jika 30 ne da ƴan kai. Wannan ƙasan ƙasa ne, na wanda bai da wata ƙwarewa, don haka mai riƙe da permi C da E bai kamata ya fara ciniki daga nan ba. Kuɗin hanya kuma ba albashi ba ne. Kuɗi ne na tafiyar kanta: abincinka, wurin kwana, facin taya, da abin da shingayen hanya ke ci. Direban da ya yarda ya rayu da rarar kuɗin hanya, ranar da mota ta kwanta a gareji wata biyu, ko lodi ya yi wuya, gidansa ba a ɗora tukunya. Direbobin hanyar Kwatano sun ɗanɗana wannan tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, aka koma bin Lome ta Burkina Faso ana jiran ayari da rakiyar soja. Mai albashin wata kwanakin jira ba su cinye shi ba kamar yadda suka cinye mai jiran tafiya.

Sai CNSS, asusun da ke biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar hatsarin aiki. Wajibin mai mota ne ya yi maka rajista. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashinka, shi kuma ya zuba kason da ya fi wannan yawa. Samari kan ce gara a ba su kuɗinsu a hannu. Ina gane su, amma wanda ya taɓa ganin sarƙa ta tsinke ta doki ƙafar mutum ba zai faɗi haka ba. Akwai kuma hutu mai albashi, kwana 2 da rabi a kan kowane watan aiki.

Abu na ƙarshe ya fi shafar masu plato, wato lodi fiye da ƙima. Ƙa'ida mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta shekarar 2005, ta kayyade faɗin mota a mita 2.55, tsayi mita 4, sannan tirela mai aksil shida, wato jerin tayoyi shida, kada ta wuce tan 51 gaba ɗaya. Tarar da ta sa jika 20 ce a kan kowane tan na ƙari in a cikin ƙasa ne, jika 60 in tsakanin ƙasashe, kuma sai an sauke rarar kafin a wuce. Mai kaya zai ce, "Ƙara buhu hamsin mana, ba komai." Kai za ka tsaya a sikeli. In aka ci tara kuma mai mota ya ce zai zare daga albashinka, ka sani dokar ƙwadago ta hana mai aiki cin ma'aikacinsa tara. Wurin kai ƙara shi ne ofishin sufeton ƙwadago, akwai a Tawa akwai a Yamai. Can ake fara neman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata. Ranar da ka bar aiki kuma ka karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce, ita za ka nuna wa mai mota na gaba.

Na ce wa yaron ya koma cikin ladabi ya tambayi abu uku: albashin wata nawa, kuɗin hanyar Malbaza zuwa Agadas nawa, da yaushe za a yi masa lambar CNSS. Ya ce, "Kawu, kar Alhaji ya ga kamar na raina shi." Na ce to gobe bayan la'asar mu tafi tare, ni zan buɗe maganar.