Kiɗan Suwing na Kajun: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne Kajun, kuma daga ina kiɗansu ya fito?

Kajun al'umma ce da ke zaune a kudancin jihar Luiziyana ta Amurka, kuma kakanninsu Faransawa ne da suka daɗe a yankin Akadiya, wanda a yau yake cikin gabashin Kanada. A shekarar 1755 Turawan Ingila suka fara korarsu daga can, suka warwatsa su a ƙasashe daban-daban, har wasunsu suka isa Luiziyana a shekarun 1760, suka kafa gonaki a bakin fadamu da filayen kiwo. Sun zo da Faransancinsu da gogen Turawa da waƙoƙin rawa. Akodiyon kuwa, wato kayan kiɗa mai maɓallai da ake ja ana matsawa kamar zugazugi, bai shigo hannunsu ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, amma da yake ƙararsa tana cika ɗaki ba tare da taimakon komai ba, nan da nan ya zama sarki a wuraren rawa. Da shi ne Joe Falcon da Cléoma Breaux suka naɗi faifan Kajun na farko a birnin New Orleans a 1928.

To, mene ne ake nufi da suwing na Kajun?

Salo ne da ya mamaye yankin daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yawancin ƙungiyoyin makaɗa suka ajiye akodiyon, suka mayar da goge gaba, suka kewaye shi da jita da babban bas mai tsayuwa da jitar ƙarfe wadda ake kwantarwa a kaɗa, wani lokaci har da fiyano da ganguna. Kiɗan ya aro abubuwa daga jaz da bulus, salon kiɗa biyu da suka samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, da kuma kantiri, kiɗan mutanen karkarar Amurka; ya ƙara sauri da santsi, ya yi kama da wanda ake ji a maƙwabciyar jihar Teksas, amma galibin waƙoƙin suka ci gaba da fitowa da Faransancin Kajun.

Me ya sa aka ajiye akodiyon bayan ya yi irin wannan suna?

Dalilin farko man fetur ne. A 1901 aka haƙo mai a Jennings da ke Luiziyana da kuma Spindletop kusa da Beaumont a Teksas, sai ma'aikata masu jin Turanci suka kwararo cikin ƙasar Kajun, su kuma 'ya'yan Kajun suka tsallaka zuwa Port Arthur da Beaumont neman aiki a matatun mai. A can suka iske kiɗan Bob Wills da Milton Brown, jagororin suwing na Teksas, waɗanda suka fito daga ƙungiyar Light Crust Doughboys ta Fort Worth, kuma rediyo ya kawo wannan kiɗa har ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaɗan ba. Mai gidan rawa da ke son kuɗin ma'aikatan mai tilas ya nemo makaɗan da za su gamsar da kowa.

Akwai kuma matsin makaranta. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Turanci, aka riƙa hukunta yaran da suka yi Faransanci a aji, har wasu matasa suka fara kallon akodiyon a matsayin alamar ƙauyanci. Sai dai a ganina dalilin da ya fi ƙarfi yana jikin kayan kiɗan ne. Akodiyon ɗin Kajun jeri ɗaya yake da shi na maɓallai goma, don haka muryoyinsa ƙidayayyu ne, ba zai iya bin lanƙwashe-lanƙwashen jaz ba, alhali goge yana iya shiga ko'ina. Abin da ya hana goge rinjaye a da shi ne rashin ƙara, kuma lasifika ta zo ta warware wannan matsala.

Wane kaso jaz da bulus da kantiri suka bayar?

Daga jaz aka ɗauko tsarin da kowane makaɗi zai samu nasa zagaye ya yi ta ƙirƙira nan take, sauran suna riƙe masa da kari, abin da ba a cika yi ba a tsohon salo inda kowa yake bin amo ɗaya. Daga kantiri aka samu jitar ƙarfe da tsarin ƙungiya da waƙoƙi da yawa da aka juya zuwa Faransanci. Bulus kuwa ba baƙo ba ne a nan tun farko, domin Kajun sun daɗe suna maƙwabtaka da baƙaƙen fata masu jin Faransanci, waɗanda ake kira Kiriyol, kuma tun 1929 Amédé Ardoin, Bakiriyole mai akodiyon, ya naɗi faifai tare da Dennis McGee, farar fata mai goge, a zamanin da dokokin wariyar launi ke aiki. Saboda haka kuskure ne a ce suwing ne ya shigar da bulus. Abin da ya yi shi ne ya ba shi sabon wuri.

Su wa suka fi yin fice a wannan salo?

Ƙungiyar Hackberry Ramblers ce a gaba, wadda Luderin Darbone da Edwin Duhon suka kafa a 1933. Darbone ya sayi lasifika, kuma da yake gidajen rawa da yawa ba su da lantarki, sai ya riƙa jona ta da motarsa yana barin injin a kunne a waje. Sun fara naɗar faifai a kamfanin Bluebird a 1935, kuma idan za su yi waƙa da Turanci sukan fito da sunan Riverside Ramblers. Akwai kuma Leo Soileau da Happy Fats LeBlanc. Amma wanda ya kai salon ƙololuwa shi ne Harry Choates, wanda faifansa na "Jole Blon", da aka naɗa a Houston a 1946, ya bazu a faɗin Amurka. Shaye-shaye ya cinye shi, ya rasu a gidan yari a Austin a 1951 yana ɗan shekara 28.

Shin wannan aro bai zama watsi da gado ba?

Wasu sun ɗauke shi haka, kuma suna da hujja, tunda akodiyon ya ɓace daga faifai kusan shekara goma. Lokacin da Iry LeJeune ya dawo da shi a 1948, sojojin da suka dawo daga yaƙi cike da kewar gida suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma a lura cewa ƙungiyoyin da suka biyo baya ba su zubar da jitar ƙarfe da ganguna da lasifika ba, sai suka ɗora akodiyon a kansu, kuma wannan haɗin ne ake ji a gidajen rawa har yau. Ƙari ga haka, a shekarun da makaranta take yaƙar Faransanci, makaɗan suwing ne suka riƙe shi a rediyo da faifai.

Har yanzu ana kaɗa shi?

Ana kaɗawa, ko da yake ba shi ne ke rinjaye ba. Hackberry Ramblers sun ci gaba da wasa har cikin ƙarni na 21, kuma ƙungiyar Red Stick Ramblers, wadda aka kafa a Baton Rouge a 1999, ta sake haɗa gogen Kajun da jaz na shekarun 1930 domin matasa.